Maɓallan Tela

Tela bai taɓa zama mutumin wasa ba. Tun yana yaro, in ka gan shi a wajen masu kati, to saƙo aka aiko shi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a layin da ke bayan tashar mota, tsakanin shagon aski da na mai kayan lantarki. A ciki akwai keken ɗinki biyu, da teburin yanka, da dutsen guga, da wasu tsofaffin gwangwanaye cike da maɓallai da ya gada daga maigidan da ya koya masa sana'a. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan kallon kafaɗar mutane. Kana gaishe shi yana amsawa, amma idonsa na kan inda rigarka ta ɗage. Matarsa takan ce da za a tashe shi daga barci a tambaye shi sunan ƙanenta sai ya yi dogon tunani, amma faɗin ƙirjin mutumin yana nan a bakinsa.

Wasan ta ƙofar aiki ya shigo masa, don da ta wata ƙofa ya biyo da an koro shi. Wata rana wani baƙo ya leƙo shagon, gajere mai furfura, daga wata ƙasa mai nisa can gabas. An kawo shi ne ya harhaɗa injina a masaƙar da ke bayan gari. Ba ya jin yaren Tela, Tela ba ya jin nasa. Sai ya ɗauki allin da ke kan teburin yanka ya zana layuka, goma sha tara a tsaye, goma sha tara a kwance, ya ɗiga ɗigo tara a wasu mahaɗan layukan. Ya nuna wani yadi mai kauri ruwan ƙasa, ya nuna keken ɗinki. Tela ya ɗauka shimfiɗar tebur mutumin ke so, ya ce a ransa kowa da irin adonsa. Ya ɗinka layukan da baƙin zare, ko ɗaya bai karkace ba, ɗigon taran kuma ya ƙulla su da ja.

Da baƙon ya zo karɓa, ya daɗe yana shafa ƙyallen. Ya yi alamar jirgin sama da hannu, ya yi alamar jaka, ya ware tafukansa: ashe kayan wasansa ne suka ɓata a hanya. Daga nan idonsa ya faɗa kan gwangwanayen maɓallai. Bai nemi izini ba, ya zazzage su a kan tebur yana tsintar baƙaƙe gefe guda, farare gefe guda. Ya tura wa Tela baƙaƙen, ya jawo kujera, ya faɗi kalma ɗaya tak: go. Sunan wasan ke nan.

Da hannu da girgiza kai aka yi duk karatun. Kowa yana aza maɓallinsa ɗaya a mahaɗar layi, bi da bi, kuma wanda aka aza ya zauna ke nan, ba ya matsawa. In abokin wasa ya kewaye maka maɓalli ko tarin maɓallai har babu mahaɗa ko ɗaya da suke shaƙar iska ta wajenta, sai ya kwashe su. A ƙarshe wanda ya killace fili mafi yawa shi ya ci. Iyakar dokar kusan ke nan, amma a daren farko Tela ya kasa cin abinci sosai. Abin da ya kama shi shi ne wasan ya yi kama da yanka: yadi ɗaya, mutum biyu, kowa na neman ya fitar da babbar riga, kuma wanda ya yi haɗama a hannun riga sai ya rasa na wuya.

Baƙon ya yi kamar wata biyu yana zuwa kullum da yamma. Kafin su fara, yakan ɗebi baƙaƙen maɓallai ya jera wa Tela a kan jajayen ɗigon nan, sannan shi ya fara da fari. Duk da haka yawanci shi ke ci, kuma ba ya sassautawa. Tela ya fahimci abin a matsayin irin riƙon da ake yi wa yaro a bayan keke kafin ƙafarsa ta saba. Ranar da aikin masaƙa ya ƙare, baƙon ya zo ya naɗe ƙyallen da ya biya kuɗinsa, ya ɗora a hannun Tela, ya ɗan rusuna, ya tafi. Har yau Tela bai iya faɗin sunansa daidai ba, amma ba a taɓa shimfiɗa ƙyallen nan bai yi masa fatan alheri a zuci ba.

Sai dai kyautar ta zo da matsalarta, don wasan na mutum biyu ne. Ya gwada matarsa, ta ce masa, "Ni da nake share maɓallai a ƙasa kullum, kuma in zauna ina jera su? Ka nemi wanda ba shi da tukunya a kan wuta." Ya gwada masu kawo ɗinki, suka riƙa duba agogo. Ya gwada mai kayan lantarki, ya ce in ba a sa kuɗi to ina daɗin. Tela ya koma yana wasa da kansa, hannun dama baƙi, hagu fari, abin tausayi.

A haka Mai Aski ya same shi. Maƙwabcinsa ne na bango ɗaya, ya girme shi da 'yan shekaru, don haka Yaya yake kiransa. Sauran mutanen layin kuwa Rediyo suke ce masa, amma a bayan idonsa, don ko rediyo akan kashe shi. Ya tsaya a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa ya ce, "Ƙanena, in ciwon ya kai haka ai sai ka faɗa mana mu nemi magani. Matsa in gani."

Ya zauna, aka cinye shi tas. Washegari ya dawo, aka sake cinye shi. Mai Aski yana wasa ne yadda yake magana: ya taɓa nan, ya tsallaka can, ya buɗe wurare biyar bai rufe ko ɗaya ba. Kuma kowane maɓalli sai ya raka shi da jawabi. In aka kwashe masa tari guda sai ya ce da ma ba ya son su. Tela bai taɓa ganin wanda ba shi da baiwar wasan nan kamarsa ba, bai kuma taɓa ganin wanda ke zuwa a kan lokaci kamarsa ba. Da rana ta sauka daga kan kwanon tasha za ka ji ya kashe kilifa yana cewa, "A shimfiɗa, yau ranarka ta ɓaci."

Abin da Tela bai iya ba, wato kiran mutane, shi Mai Aski a barci ma yana yi. Duk kan da ya shiga ƙarƙashin kilifarsa sai ya ji labari. Yakan dafa ƙeyar mutum ya juya ta yana nazari, sannan ya ce, "Akwai wani wasa da ake yi a shagon nan na kusa, amma na masu babban kai ne. Kai dai ban ga alama ba." Wa zai ji wannan ya wuce? Ta haka mai kemis ya shigo, da wani direban tasi, da shi kansa mai kayan lantarkin da ya ce sai da kuɗi. Wata malamar lissafi da ta yi ritaya ta kawo jikanta aski, ta ji jawabin, ta ce a nuna mata wasan da ya fi ƙarfin kanta. Tela ya ɗinka ƙyalle na biyu da na uku, aka fito da benci ƙarƙashin rumfa. Ba shugaba, ba kuɗin shiga. Mutanen layi suka sa musu suna 'yan maɓalli, suka karɓa.

To amma duk wanda Mai Aski ya kawo, kafin a jima sai ya wuce shi. Malama ta wuce shi tun a makon farko. Direba, wanda ya yi wata guda yana aza maɓalli a tsakiyar gida maimakon mahaɗa, shi ma ya wuce shi. Aka fara tsokanarsa, yana ramawa da baki, don nan ba a cinye shi. Tela dai abin yana damunsa. Yana ganin mutumin da ya tara jama'ar nan kaf ya zama abin gwajin kowa.

Wata Asabar Malama ta yi wa Mai Aski kaca-kaca, direba ya yi dariya har yana dukan benci. Da aka zo wasan Mai Aski da Tela, sai Tela ya yi abin da yake ganin alheri ne. Ya bar wata kusurwa tasa a buɗe, ya je can nesa ya aza maɓalli inda ba a buƙata. Mai Aski ya shiga kusurwar, ya kwashe fararen maɓallai cike da hannu. Da aka ƙidaya fili, shi ya ci. Aka tafa masa, direba ya ɗaga masa hannu sama.

Mai Aski ya daɗe yana kallon ƙyallen, ya kalli maɓallin nan da aka aza can nesa, ya kalli Tela. Sannan ya zuba abin da ke hannunsa a gwangwani a hankali, ya gyara tawul ɗinsa, ya shige shagonsa. Tun da aka kafa layin ba a taɓa jin shirunsa ba sai ranar.

Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Gaisuwa ta koma "ina kwana" daga nesa, ba ƙari. Sababbin kawuna suka daina leƙowa, don babu mai zuga su. Waɗanda suka saba suna zuwa, amma wasan ya zama kamar zaman jiran likita, kowa ya aza nasa shiru ya tashi. Tela yana jin ƙarar kilifa ta bango, yana jin muryar Yaya tana ba wani labari, sai allura ta soke shi. Ba rushewar ƙungiya ce ta fi tsorata shi ba. Tsoronsa shi ne ya rasa mutumin da ya zauna gabansa lokacin da kowa ya ƙi, kuma bai ma gane laifin da ya yi ba.

Matarsa ce ta warware masa, tana ninke kayan guga ba ta ko ɗago kai ba. "Kai da ba ka taɓa barin zare yana lilo a rigar mutum ba, ka bar kusurwa a hangame, kana zaton bai gani ba? Mutumin da ya yi shekaru yana kallon hannunka?" Tela ya ce ai don ya faranta masa ne. Ta ce, "To ga shi ka faranta masa. Gashinka dai ya taru, in kana da hankali."

Ya shiga shagon aski da hantsi, lokacin ba kowa. Mai Aski ya nuna masa kujera, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna kilifa. Ya riƙa zagaya kan Tela da ita, gaba da baya, gefe da gefe, cikin natsuwa irin ta gwani, amma a iska. Ko gashi ɗaya bai faɗo ba. Da ya gama ya kaɗe masa wuya da buroshi, ya shafa masa hoda, ya ɗauko ƙaramin madubi ya nuna masa ƙeya.

"An gama," in ji shi.

"Yaya, ai ba ka taɓa komai ba."

"Tausayinsa na ji. Gashin nan ya sha wahala kafin ya fito." Ya kwance ƙyallen ya kakkaɓe. "Ya ka ji?"

Tela ya kalli kansa a madubi. "Na ji kamar an mayar da ni yaro."

"To." Mai Aski ya zauna a kan bencin masu jira. "Tun yaushe kake cinye ni? Na taɓa kai ƙararka wajen wani? Ni na san ban iya ba, ba sai an faɗa min ba. Yini nake ina yi wa mutane ƙarya suna yi min. In ce wa mai sanƙo gashi na dawowa, ya ce min aski ya yi kyau yana harara. In na zauna gabanka kuwa, na san abin da na samu nawa ne, ko da kusurwa ɗaya ce kamar tafin hannu. Ita ce ka ƙwace min ranar nan, a gaban direba."

Tela ya ce, "Na yi kuskure, Yaya. Ka yafe min."

"Zauna daidai in yi maka na gaske. Kuma kada ka motsa, don hannuna bai huce ba."

A ƙarƙashin kilifar nan, kansa a sunkuye, Tela ya tuna baƙonsa. Mutumin bai taɓa bar masa wasa ba ko sau ɗaya. Abin da zai ba shi yakan ba shi ne tun farko, a fili, a kan jajayen ɗigo, daga nan kuma ya yaƙe shi da duk ƙarfinsa. Tela bai taɓa yi wa kowa haka ba, don a ganinsa raini ne ka ce wa wanda ya girme ka bari in riƙe maka keke. Ya guji ƙaramin raini ya faɗa babba. Yanzu saura yadda zai faɗa wa mutum mai zafin kai irin wannan.

"Yaya," ya ce, "in zan ɗinka maka wando, da awona nake yanka ko da naka?"

"Da nawa mana."

"Ka taɓa jin kunya don ƙafarka ba ta kai tawa tsawo ba?"

"Ƙafata daidai take. Taka ce ta yi yawa."

"To yau da yamma ka zo in auna ka."

Da yamma Tela ya fito rumfa da tef ɗin awo a wuya, kamar mai shirin karɓar ɗinki. Ya ce daga yau ba wanda zai zauna wasa sai an auna shi, kuma kowa zai fara da maɓallan da suka yi daidai da shi, daga nan ba sani ba sabo. Ba wanda ya ji haushi, don ba a jin kunyar awo a wajen tela. Malama ta samu biyu, direba biyar. Da aka zo kan Mai Aski, Tela ya cike jajayen ɗigon nan tara kaf. Mai Aski ya dube su ya shafa ciki ya ce, "Da ma ni yadi mai yawa nake ci." Aka yi wasan, Tela ya matse shi ba sassauci, ya ci da ƙyar. Mai Aski ya tashi yana zufa yana surutu, layin ya dawo daidai.

Daga nan ne ƙungiyar ta yi girma na gaske. Da can sabon shiga in aka lallasa shi sau biyu sai ya gudu, yanzu kuwa ana auna shi ya ga yana taɓuka wani abu. Rumfa ta yi musu kaɗan, ɗakin karatu na unguwa ya ba su ɗaki duk Asabar, ma'aikatan masaƙa da ɗalibai da wasu mata biyu masu sayar da yadi suka shigo. Malama ta bincika a wayarta ta dawo da labarin cewa a ƙasashe da yawa ana wasan, kuma ba wa mai rauni maɓallai tun farko tsohuwar ƙa'ida ce. Tela ya yi murna, ya kuma ɗan ji kunyar daɗewar da ya yi yana gudun abin. Wanda ke koya wa sababbi kuwa Mai Aski ne, don babu hanyar faɗuwa da bai bi da ƙafarsa ba. Awonsa ya sauko har shida, a nan ya tsaya shekara da shekaru. Jefi-jefi yakan ci Tela, ci na gaskiya, kuma ranar ko matafiyan da ke tasha sai sun ji.

Furfura ta gama cinye kan Tela lokacin da ciwo ya kayar da Mai Aski. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, maganar da ta cika layi ta koma kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Aka rufe shagon aski. Da aka sallamo shi daga asibiti, Tela ya naɗe ƙyalle ya ɗauki gwangwanaye ya nufi gidansa da rana. 'Yar Mai Aski, wadda ta baro gidan mijinta don jinya, ta tarbe shi a ƙofa.

"Baffa, sannu da zuwa. Tun safe yake nuna min ƙofa. Amma don Allah a bi shi a hankali, likita ya ce kada ransa ya ɓaci."

Yana zaune jingine da matashi, ya rame, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Tela ya shimfiɗa ƙyallen a kan ƙaramin tebur, ya jera baƙaƙe shida. Sai ya tsaya, ya sake kai hannu gwangwani zai ƙara. Mai Aski ya buga teburin da hagu.

"Hannu ne," ya ce, yana jan kowace kalma. "Ba ƙwaƙwalwa ba."

Tela ya mayar da maɓallin.

Wasan ya yi tsawo, don hagu ba ta saba ba, wani lokaci maɓalli ya suɓuce 'yar ta tsinto masa. Yana wasa kamar kullum, nan da can, ba ya rufewa. Can tsakiya Tela ya ga abin da yake tsoron gani: wani babban tarin baƙaƙe a gefen dama, numfashi ɗaya ya rage musu, kuma Yaya bai lura ba. 'Yar tana tsaye bayan mahaifinta. Ba ta san wasan ba, amma ta iya karanta fuska. Ta haɗa hannuwa a ƙirji tana roƙon Tela da ido.

Tela ya riƙe farin maɓallin har ya yi ɗumi a yatsunsa. Bai taɓa son mutumin nan kamar a wannan lokacin ba, bai kuma taɓa jin abu ya yi masa wuya haka ba. Ya aza shi a inda ya kamata, ya shiga kwashe baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya.

Mai Aski ya kalli wurin da ya zama fili, ya ɗago ya kalli Tela. Gefen bakinsa mai lafiya ya fara motsi, kafaɗarsa ta hagu tana girgiza. Sai da aka ɗan jima 'yar ta gane dariya yake yi.

"Mugu," in ji shi. Hawaye ya gangaro masa, ya share da bayan hannu. "Na gode. Gobe ma."

Tela ya ce zai zo. Ya raba maɓallan, baƙaƙe a gwangwaninsu, farare a nasu, ya bar ƙyallen a shimfiɗe a kan teburin.